Kujerun Aro

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Mushe Isuhu, malamin lakwal, wato makarantar boko ta ƙauyenmu kusa da Attantane. Mushe muke ce wa malamin boko a nan. Ni ban wuce aji shida ba, in na yi kuskure a rubutun nan ku yi mini uzuri.

Ajinsa na karan gero ne. Ba a soma karatu sai an yi girbi an samu kara, ruwan farko kuma shi ke tashin lakwal. Yara a ƙasa suke zama.

Wata shekara aka ce masu bincike za su zo daga Yamai su gwada karatun yara, kuma da rahotonsu za a zaɓi inda za a gina azuzuwan siminti. Mu kuwa ba mu barin baƙo ya ga rashinmu. Dattawa suka tura amalanke ƙauyen maƙwabta aka aro kujeru, aka jera su a ɗakin ajiyar hatsi mai rufin kwano. Yaran da ba su iya karatu ba aka ce su tafi kiwo ranar.

Yaya ya ce wa maigari, "Ranka ya daɗe, a bar su su gan mu yadda muke. Abin da suka gani shi za su rubuta."

Maigari ya yi dariya. "Mushe, ai kai ma sabuwar riga ka sa."

Baƙin suka rubuta abin da suka gani, azuzuwan suka tafi wani gari. Yaya ya ci gaba da koyarwa cikin kara har tari ya kwantar da shi. Ko sanyin ajin ne, Allah kaɗai ya sani, amma tunanin bai sake ni ba. Har yau in iska ta kaɗa karan nan, tarinsa nake ji.

Yanzu jikata Rabi ce ke zaune a ƙasan. Shekararta ta huɗu a lakwal, ba ta iya karanta sunanta ba. Me Yaya zai ce?

Watan jiya aka ce masu binciken za su dawo. Da na fito na ga ana ɗaura wa jaki amalanke za a je aron kujeru. Ni da ko a wurin suna muryata rawa take yi, na riƙe igiyar, na maimaita maganar Yaya. Ɗan maigari, wanda ya gaji mahaifinsa, ya dube ni ya ce, "Baba Sani, yau kai ne Mushe?" Sannan ya sa aka kwance jakin.

Baƙin suka zauna a tabarma cikin kara. Wata daga cikinsu ta miƙa wa Rabi takarda ta ce ta karanta. Rabi ta yi shiru, ni kuma kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai. Matar ta rubuta.

Ban san ko za a gina mana aji ba, kullum ina ta saƙe-saƙe. Yaya bai bar gida ko gona ba. Amma shirun Rabi ya isa Yamai, kuma Yaya ne ya aika da shi. Allah ya jiƙan Mushe Isuhu.