Kokawar da Na Yi da Kawu a Ƙasan Rijiya

Ina durƙushe a ƙasan rijiya, laka har gwiwa, kaina na juyawa kamar na kwana shan burkutu, muryoyin mutanen sama kuma sai ƙara nisa suke. Wannan rana ba za ta fita a raina ba har in koma ga Allah.

Zamanin Turawa ne, lokacin da gyaɗa ke tashe. Mu Maguzawa ne a wani ƙauye gefen Bici. Gidanmu wasu sun bi Almasihu, wasu suna nan kan tsafin kakanni. Ni ba na can ba na nan. An sa ni makarantar mishan, na gudu tun ban gama iya haɗa baƙi ba, don zama wuri ɗaya bai taɓa yi mini ba.

Ran nan aka taru za a yashe rijiyar unguwa, ruwa ya ja baya. Ƙa'idar aikin kowa ya san ta: sai an zura fitila a kunne tukuna. In ta mutu, to iskar ciki ba ta da kyau, sai a yi ta zura reshen ganye ana ja har ta fita. An aika a kawo fitila, ni kuwa kasuwa nake son tafiya. Na ce wai fitilar me, na tuɓe riga na bi matakan jikin rijiyar na sauka, ko igiya ban ɗaura a ƙugu ba.

Iyakar abin da na sani ke nan. Sun ce sun jefo igiya suna ta ihu in kama, ni ban ji ba.

Na farka a gindin rimi, ana yi mini fifita. Gefena ga kawuna, ƙanen mahaifiyata, kwance, bakinsa ya kumbura, haƙori ɗaya ya fita, yana numfashi da ƙyar. Shi ya ɗaura igiya ya bi ni, dattijo da furfurarsa.

Abin dariya, tun ban gama dawowa hayyacina ba aka fara gardama a kaina. Malamin bishara na ƙauyenmu ya ce wa mutane: "Kun ga misalin ceto ke nan. Allah yana miƙo igiya, amma sai mutum ya ga dama ya kama."

Wani tsohon soja, dattijon ikilisiya, ya ce: "Haba Malam! Wanda ya suma me zai kama? Ɗauko shi aka yi kamar buhun dawa. Alheri ne zalla, ba hannunsa a ciki."

"To in haka ne, me ya sa muke wa mutane wa'azi?"

"Kai ma dai igiya ce, Malam, ba ka sani ba."

Suka juyo kaina, wai na kama ko ban kama ba? Na ce wallahi ban sani ba.

Sai Kawu ya tofar da jini ya ce: "Ku bar yaro. Bai kama igiya ba, ni ya kama da duka. Da na taɓa shi sai ya hau ni kamar mahaukaci, ga shaida a bakina. Na ce masa, ɗan nan, ba zan hau in bar ka ba. In ka ci gaba, nan za a binne mu tare. Sai ya dube ni, ya saki hannuwansa. A nan na samu na ɗaure shi."

Malam ya ce: "Ka ji ko? Ya yarda."

Tsohon soja ya ce: "Ka ji ko? Wani ne ya sauka."

Har suka mutu ba wanda ya kayar da wani. Ni dai abin da na koya shi ne, ban kira Kawu ba, ban cancanci ya sauko ba, ban ja kaina sama ba. Amma da na ci gaba da dukansa, da mun mutu mu biyu. Rabona a aikin ɗan kaɗan ne, daina faɗa kawai, kuma ko shi ɗin sai da na ji muryarsa na iya.

Da yamma ƙirjin Kawu ya tsananta, aka ɗora shi a jaki zuwa asibitin mishan. Kunya ta hana ni bi. Da yayata za ta kai masa kunu, na tare ta a bakin hanya na ce: "Ki gaya wa Kawu gonarsa tana hannuna har ya dawo, ba biya ba ne, ba ni da abin biya. Ki ce masa kuma, Almasihun nan da yake ta ba ni labarinsa ina toshe kunne, in ya dawo ya sake faɗa mini. Hannuwana a sake suke."