Ni da Pan Ludomir

Ludomir Wrzosek bai taɓa zama jakada ba. Ya fara da fassara a ma'aikatar harkokin waje a Warsaw, daga nan aka dinga cilla shi ƙananan ofisoshinmu na ƙetare, yau Mongoliya, gobe Libiya. Aikinsa buga biza, fito da matuƙan jirgin ruwanmu da suka bugu aka kulle, da dawo da gawa gida. Ni kuwa ina jami'a ina koyar da kimiyyar siyasa, ƙwararre wai a kan yadda ƙasashe ke sasantawa. Ku riƙe dariyarku tukuna.

Bene ɗaya muke zaune tun muna da gashi a ka. Duk hutun da ya zo, a kicin ɗina yake ƙarewa, muna cin kifin gishiri da baƙin burodi muna zagin ministoci. Shi ya riƙe min hannu ranar da aka binne matata. Amma har muka tsufa, "Pan Ludomir" nake ce masa, wato "Malam Ludomir" a harshenmu, shi kuma "Pan Farfesa", kamar mun haɗu a layin gidan waya.

Abin yana ci min rai, wallahi. Ina so in kira abokina da sunansa kawai. To amma babba ne ke fara tayi: a cika kofi da barasa, a sarƙe hannu a sha, kowa ya faɗi sunansa, shi ke nan an zubar da "Pan". Ni kuma ina zan yi wa mutumin da ya ci abinci da shugabanni wannan rashin kunya? Na yi ta jira.

Da zuciyarsa ta fara gardama aka kwantar da shi asibiti, na je da miyar kaza a kwalba. Ya rame sosai, amma bakin yana nan.

"Pan Farfesa, kai fa mugun mai girman kai ne," in ji shi.

"Ni? Me na yi?"

"Na sasanta da jami'an kwastan na ƙasa bakwai, amma kai ka gagare ni. Sai na mutu za ka yi min tayin?"

"Haba! Ai kai ne babba, ga muƙami!"

"Wane muƙami, mai buga hatimi? Kai ka girme ni, tsohon banza! A aikinmu ƙarami ba ya fara miƙa hannu."

Na ji kunya. Babu barasa a asibiti, sai na tsiyaya miyar a kofuna biyu na roba. Muka sarƙe hannu, robar ƙarin ruwa tana ta harɗe mu, muka kurɓa.

"Ludek," ya ce, sunan da 'yan gida ke kiransa.

"Czesiek," na ce.

Na samu na kira shi Ludek ranar, da kuma washegari. Ranar Laraba na zo da wata miyar, na tarar an canja zanin gadon, Ludek ya riga ya cika.