Rigar da Ta Tsaya Ita Kaɗai

Kakata ta rasu ta bar turmin atamfa guda da ba ta taɓa ɗinkawa ba. Shuɗiya ce mai zanen ganye, irin ta da, mai nauyi a hannu. Mama ta adana ta a ƙasan akwati a gidanmu na Dogarawa shekara da shekaru. Da ritayarta daga koyarwa ta matso aka sa ranar godiya a coci, sai ta ce wannan atamfar za ta sa. Faɗa da baki ba wuya, kai ta wurin tela ne ya gagara. Almakashi take tsoro. In aka yanka ɗinkin bai karɓe ta ba, ba ta da wata uwar da za ta bar mata wani turmin.

Lokacin ina digiri na biyu a jami'a a Samaru, kuma abin ya faɗo daidai kan aikina. Na haɗa wata manhaja ta waya. Mutum zai ɗauki hoton yadi, ya zaɓi ɗinki, ya tsaya gaban kyamara, sai ya ga kansa a allo sanye da rigar tun ba a yanka ba. Ba ni da tawali'un ƙarya, na iya aikina.

Wahalar tana wurin lissafi. Gano kafaɗa da ƙugu da yadda yadi zai kwanta ya fi ƙarfin ƙananan wayoyinmu, nan da nan su ɗau zafi batir ya zube. Don haka wayar kan tura hoton ta intanet zuwa manyan kwamfutoci a wata ƙasa, su yi lissafin su aiko da rigar. Bincikena shi ne a rage wannan doguwar tafiya, a ajiye ƙaramar kwamfuta kusa da mai wayar ta yi aikin nan take. Ina da guda, ba ta fi kwalin sukari ba, amma ranar da Mama ta yarda mu je kasuwa tana hannun wani abokin karatuna. Sai muka tafi da waya kawai.

Telar Mama a kasuwar Sabon Gari take. Iyayen telar daga kudu suka zo, amma ita Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Na jingine wayar a kan teburin keken ɗinkinta, allon yana fuskantar Mama. Rigar ta fito, doguwa mai faɗin hannu, kuma wallahi ta karɓe ta. Mama ta yi murmushi, ta matsa gefe don telar ta leƙo.

A daidai nan sabis ɗin kasuwa ya yi halinsa. Mama ta fita daga allon, rigar ba ta bi ta ba. Ta tsaya cak a tsakiyar shagon, ba kai ba ƙafa, ba kowa a cikinta.

Mama ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗauki atamfar ta mayar cikin leda.

"Ba ta yarda ba," in ji ta.

"Wa?" na tambaya.

"Mai kayan."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana koya wa 'ya'yan mutane kimiyya, yau ita ce ke karɓar saƙon matattu ta wayata. Na juya wurin telar ko za ta taya ni, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ni dai, 'yata, ba na sa almakashi a kayan da mai shi ke shakka."

A cikin keke napep muna komawa na yi ta bayani. Na ce, "Mama, aike ne ya yi nisa. Kamar ki ɗora miya a Dogarawa ki tafi har ƙauyen Bomo neman gishiri. Kafin amsa ta dawo daga can kin riga kin matsa, shi ya sa rigar ta tsaya inda ta bar ki."

Ta ce, "Na ji turancinki."

Ranar godiya tana ta matsowa, har Mama ta fara zancen sayen wani yadi kawai a wuce wurin. Na san in ta yi haka atamfar nan ta koma akwati ke nan har abada. Sai na yi mata tayi. Mu koma sau ɗaya, in rigar ta sake tsayawa, ni da hannuna zan ninke atamfar, kuma bakina alekum.

Wannan karon na taho da ƙaramar kwamfutar daga Samaru. Na ɗora ta a kan teburin telar tsakanin zarurruka, na jona ta da wutar shagon, na haɗa ta da wayar kai tsaye, babu ruwanmu da intanet. Tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Ko gezau ban yi ba, don na gwada abin nan har na gaji.

Mama ta tsaya fuska a ɗaure. Rigar ta fito. Ta matsa dama, rigar ta bi ta. Ta yi hagu da sauri kamar mai son kama ɓarawo, rigar na jikinta. Ta ɗaga hannuwa sama yadda suke yi a waƙar zumuntar mata, hannuwan rigar suka ɗagu tare da ita. Telar ta fashe da dariya ta ce, "Malama, har da rawa?"

Mama ta ciro atamfar ta shimfiɗa a tebur da kanta, ta shafa ta, ta ce, "Yanka."

Telar ta gwada Mama, ta ja alli, almakashi ya shiga. Daɗi ya cika ni, har na fara tunanin yadda zan ba malamina labari. Ina naɗe wayar caji Mama ta riƙo hannuna.

"Irin na rannan, za ki iya dawo da shi?"

Na ce, "Haba Mama, shi fa na gyara."

"Na sani, kin kuma gyara. So nake in ƙara gani. Haka kakarki take tsayawa a ƙofar gida in mun yi yamma a makaranta, kafaɗa ɗaya a ɗan karkace."

Na zare kwamfutar daga wuta, na mayar da wayar kan sabis ɗin kasuwa, shi kuwa bai ba mu kunya ba. Mama ta tsaya har rigar ta hau jikinta, sannan ta janye gefe a hankali. Telar ta ajiye almakashi ta zo ta tsaya kusa da mu.

Mama ta gyara ɗankwalinta, ta ɗan rusuna wa allon, ta ce, "Inna, na yi ritaya."