Yaya Tamimu da Muryoyin da Aka Goge

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Yaya Tamimu mai gyaran kwamfuta na unguwarmu ta Tremont, a wani asibiti da ke Bronx, bayan jinyar ƙoda ta wata biyu. Yana da shekara hamsin da takwas. Ya bar matarsa Rukaya da 'ya'ya uku. Washegari aka sallace shi bayan azahar, maza suka raka shi makwancinsa a New Jersey cikin wani sanyi mai tsaga fata.

An ce mini, Abiba, ki bari ki huce kafin ki rubuta komai, ba a yi wa mamaci ta'aziyya da zafin rai. Na bari. Yau kwana goma sha biyu ke nan, ban huce ba, kuma ban ga alamar zan huce ba. Yaya Tamimu, kai ka san ba da kai nake fushi ba. A hannunka muryar mahaifina take, hirar awa uku da ka ɗauka da shi makonni kaɗan kafin ya rasu, kuma ita kaɗai ce muryarsa da ta rage a duniya. Abin da ya same ta shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san ka ba: a zangon Kumasi aka haife ka, ka zo New York a 1996, ka yi shekaru kana tuƙa tasi kafin ka buɗe wannan ɗan shagon da ke tsakanin mai aski da mai sayar da doya, wanda in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya jira a waje. Ba ka taɓa miƙa wa mutum kwamfutarsa ko wayarsa bayan gyara ka bar shi ya tafi salin-alin ba. Sai ka riƙe ta a hannu ka ce, "Tsaya tukuna. Ka yi backup? Ina ka ajiye kwafin?" Daga nan sai karatu. Duk abin da mutum ba ya son ya rasa, a cewarka, ya zama yana wuri uku: ɗaya a cikin kwamfutar, ɗaya a faifan ajiya na daban da ake jona mata a kwafe a cire, na uku kuma a wani wuri mai nisa inda gobara ko ɓarawon da ya shiga gidanka ba zai kai ba. Kada a saka faifan a jaka ɗaya da kwamfutar. Kuma duk wata a buɗe shi a duba ko abin yana nan da gaske. Mu kuwa muka laƙaba maka suna Malam Uku-uku, muna yi maka dariya a bayan ido, wani lokaci ma a gaban idonka. Kai ma sai ka taya mu dariyar, amma ba ka sakin wayar sai an amsa maka.

Efua mai kitso ba za ta manta da kai ba. Wata rana ta kawo maka waya a canza mata gilashi, ka hana ta tafiya sai da ta koma gida ta kwaso takardunta na shige-da-fice, ka ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, ka sa ta tura wa kanta ta imel, ka kuma zuba mata a ɗan filash, wato ƙaramin faifan ajiya. Ta fito tana mita cewa ka sa ta rasa masu kitso biyu. Bayan wata takwas bututun ruwa ya fashe a saman ɗakinta, akwatin takardun ya zama kunu, saura kwana tara ta ga lauyanta. Ta zo shagon tana kuka. Ba ka ce mata ai na gaya miki ba. Ka buɗe imel ɗin, ka buga mata komai, ka saka a ambulan, ka ce ta wanke fuskarta kafin ta fita titi.

Amma babban aikinka shi ne na tsofaffi. Shekara shida kana bin dattawan zango da ke wannan birni gida-gida, kana ɗaukar hira da su: inda kakanninsu suka fito, wa ya haifi wa, yadda aka yi suka zo ƙasar nan. Da yawa sun ƙi da farko. Sun yarda ne bisa sharaɗi ɗaya, kada muryarsu ta hau intanet, domin akwai maganar dangi a ciki. Ka yi alkawari, ka kuma riƙe shi, duk da kai ne mai koya wa kowa ajiyar intanet. Shi ya sa kwafinka na uku ya zama faifai ne a gidan abokinka Malam Dikko, Bakatsine mai aiki a ɗakin karatu na wata jami'a, wanda ke zaune a St. George, can tsibirin Staten Island. Duk Lahadin farko ta wata za ka shiga jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, ka hau jirgin ruwa ka haye, ka kai masa faifai mai sabbin hirarraki ka karɓo na wurinsa. Mutane suka ce shan iska kake zuwa yi.

Ranar 19 ga Oktoban bara ka zo gidanmu ka zauna da mahaifina, Baba Sumani. Mutumin da bai taɓa ba mu labarin kansa ba, sai ga shi ya saki baki. Ina kicin ina dafa muku waake, shinkafa da waken nan namu, ina jin guntu-guntu ta ƙofa: sunan kakarsa da aka kawo daga Salaga, fatauci na goro, wani gida da aka bari a Yendi. Har dariya na ji ya yi. Ban shigo na zauna ba, na ce ai ana ɗauka, zan saurara a natse. Ranar 9 ga Nuwamba Baba ya rasu. A makon da ya rasu kai ma ka kwanta jinya.

Yanzu ga abin da aka yi bayan ka tafi, kuma zan faɗe shi a fili domin kowa ya sani amma kowa ya yi shiru. Kashegarin sadakar uku, ƙanenka Sadick, wanda ya zo daga Ohio, ya tattara wayarka da kwamfutarka da faifan da ke cikin durowar shago, ya kai wani shago a wata unguwa ya ce a goge su tas. Aka goge, aka zuba sabon tsari, ya saka su a ganga tare da kayan sawarka za a aika gida a raba wa 'ya'yan dangi. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Ai haka ake yi. Ba a buɗe wayar mamaci, rufin asiri ne. Na tambayi manya, sun ce daidai ne."

To ina tambayar manyan. Wane asiri kuka rufa? Mutumin da kuka sani shekara ashirin da tara, wanda a cikinku akwai waɗanda suka zauna a gabansa awa biyu suna ba shi tarihin gidansu, shi ne kuka zaci yana da abin kunya a kwamfuta? Ban ce al'adar banza ce ba, na san ta kare mutuncin mutane da yawa. Amma Rukaya tana ɗaki ɗaya da ku, labule kawai ya raba, tana zaman takaba. Ita ta san abin da ke cikin kowace na'ura. Babu wanda ya ɗaga murya ya tambaye ta. An ce kada a dame ta. Kun tambaye ta buhun shinkafa nawa za a dafa, wannan bai dame ta ba. Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake.

Ranar sadakar bakwai Malam Dikko ya zo da faifan da ke wurinsa, naɗe a cikin hula. A nan ya ji abin da ya faru. Ya sa aka buɗe gangar, ya tafi da kwamfutar da ɗaya faifan, ya yi kwana biyu yana ƙoƙarin dawo da wani abu. Babu komai. Muka taru a falonka ya jona nasa. Dattawa arba'in da uku suna ciki, kowa da sunansa da ranar da aka yi hira da shi, a jere kamar yadda kake jera sukurori a shago. Rukaya ta ji muryarka kana yi wa wani tsoho sallama, ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa sunan Baba nake nema. Na bi jerin har ƙasa, na dawo sama, na sake bi. Ranar ƙarshe a faifan ita ce 6 ga Oktoba, hayewarka ta ƙarshe. Dattawa huɗu da ka ɗauka bayan nan ba sa ciki, Baba yana cikin huɗun.

Saura ni. Ba zan tsaya ina nuna Sadick da yatsa in ɓoye nawa ba. Ina aikin kula da wata tsohuwa a Staten Island. Kwana biyar a mako ina hawa wannan jirgin ruwan, kuma daga tashar zuwa gidan Malam Dikko tafiyar minti goma ce a ƙasa. A watan Disamba na zo duba ka, kana kwance ƙafafunka sun kumbura, ka ce, "Abiba, wata biyu ban haye ba. Faifan yana durowa, mabuɗi yana wurin Rukaya. Ki kai wa Dikko. Baba yana ciki." Na ce in sha Allahu cikin makon nan. Ka kira ni sau biyu bayan haka. Na farko na ce sanyi ya yi yawa, na biyu na ce na makara. Tsakanin shagonka da ƙofata layi huɗu ne kawai, sai dai ba ta hanyar tasha yake ba. Sadick ya yi abin da ya yi bisa rashin sani, yana ganin gata yake yi wa ɗan'uwansa. Ni na sani. Kai da bakinka ka gaya mini abin da ke ciki.

Malam Dikko ya riga ya kwafe arba'in da ukun zuwa faifai biyu, ɗaya yana wurin Rukaya, ɗaya wurin babbar 'yarka a Harlem. Roƙona ga jama'armu guda ne: kafin a goge na'urar mamaci, a tambayi wanda ya zauna da shi.

Ya Allah, ga bawanKa Tamimu, ya riƙe amanar mutane har ƙarfinsa ya ƙare. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ka haɗa shi da iyayenmu a Aljanna Firdausi. Rukaya, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya miki yaran nan, Ya yi musu albarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga dangi na Kumasi da na nan, da Malam Dikko da ya yi rashin aboki. Sadick, kai ma ka yi rashin wa, Allah Ya ba ka dangana. Zan zo in gaishe ka yadda ya kamata in zuciyata ta sauka.

Ni kuma ku sa ni a addu'a. Ɗana ya tambaye ni sunan kakar Baba ta Salaga, na ce masa ina kicin lokacin, ban ji da kyau ba.

Abiba Sumani
Tremont, Bronx