Guzurin da Na Cusa wa Dakta

A shekara ta biyu ta korona ina zaune a unguwar Cheras a Malesiya, ina tuƙa tuwo a gidan haya ina kai wa ɗalibai. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma an san ni da iya ɗaurin kaya. Duk mai tafiya ni yake kira in shirya masa akwati.

Cikin masu sayen tuwona akwai wani malamin lissafi da ya gama digirinsa na uku. Dakta muke ce masa. Bizarsa ta kusa ƙarewa, a gida kuma babu aiki, sai ya samu koyarwa ta shekara biyu a wata ƙaramar ƙasa ta tsibirai a tekun Pasifik. Da wannan aikin ya dogara, shi da iyalinsa da ke gida.

Ranar da na je shirya masa kaya, ya karanta mini takardar da makarantar ta aiko. Jirgi sai bayan makonni yake zuwa. Zai sauka a ƙasashe biyu kafin ya isa. A yi gwajin korona kwana uku kafin tashi, in an sauka a killace mutum sati biyu. Ya tafi da maganinsa, da tufafi marasa nauyi, da lema. Sai layin da ya maimaita mini: ba a shiga da nama, ko zuma, ko ganye, ko iri kowane iri. Ya ce ƙasar ƙarama ce, ƙwaro ɗaya zai iya cinye musu rogo da kwakwa.

Ni kuwa na zo da ledata: kuka, daddawa, kilishi, da irin kuɓewa don ya shuka a bayan ɗaki.

"Malam, mayar da kayanka," in ji shi. "Na gode, amma ba a shiga da su."

"Haba Dakta, wata nawa za ka yi kana cin kifi da kwakwa? Sai ka dawo kamar tsinke."

Ya yi dariya, ya sake cewa a'a. A wurinmu in an miƙa wa matafiyi guzuri yakan ƙi sau biyu saboda kawaici, mai bayarwa kuma ya cusa. Da wannan na kare kaina daga baya. Amma na ji abin da ya karanta, na kuma gane. So nake ya buɗe akwati a can ya ce babu kamar ni. Da ya shiga alwala, na naɗe kayan a baƙar leda, na zagaye da salatif, na tura cikin hannun wata rigarsa da ke akwatin, yadda wari ba zai fita ba.

A jirgin ƙarshe aka ba shi fom, ya cika cewa ba ya ɗauke da abinci ko iri, ya sa hannu. A filin jirgin tsibirin ma'aikata suka buɗe kowace jaka, domin fasinjojin ba su da yawa, suka gano ledata. Da a fili suka ga kayan, ƙila ƙwacewa kawai za su yi. Ɗaurin ne ya nuna an ɓoye da gangan.

Ya gama sati biyunsa a killace, sannan aka janye masa izinin aiki. Ya jira jirgi na gaba, ya wuce Najeriya, don Malesiya ta rufe iyakokinta.

Daga bakin wani ɗalibi na ji. Na yi wata huɗu ban kira shi ba. Da na kira, na faɗi abin da na yi ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce tun da ya ga salatif ɗin ya san hannuna ne, kuma bai faɗa wa kowa ba. Na roƙi gafara. Ya ce ya yafe, sai dai kada in tambaye shi me yake yi yanzu. Ban tambaya ba.