Yaya Sabo, badukun 'yan besbol na Guangzhou

Shekara goma ke nan cif da muka binne yayana Sabo a nan Guangzhou, ni da 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi da ba su cika sahu uku ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni dai ban huta ba. Duk shekara idan wannan watan ya kama sai zaman shago ya gagare ni, in rufe, in kama titin Huanshi da ƙafa har ƙafafuna su yi tsami. Sabo ya rasu mahaifinmu ba ya ɗaukar wayarsa, kuma ni na haddasa. Shekara goma ina juya maganar a raina: in gaya wa tsoho gaskiya, ko in bar shi ya ƙarasa kwanakinsa bai sani ba?

Mu 'ya'yan baduku ne. Baba ya tsufa yana ɗinkin fata a cikin birnin Kano, kuma a cikinmu Sabo ne ya ɗauko hannunsa. Ni kuwa ko zare na sa a basilla sai na soki yatsa. Ranar da Sabo ya ce zai tafi China saro takalman roba, Baba ya dube shi ya ce, "Takalman da suka kashe mana sana'a, su za ka je ka ɗebo?" Ya yi kwanaki abinci ba ya wuce masa. Daga baya ya sa masa albarka da sharaɗi ɗaya: tunda ya zaɓi kasuwa, to ya riƙe ta da gaske. Bayan shekara biyu na bi shi.

Wata rana Sabo yana dawowa daga wata masana'antar jaka a bayan gari, ruwan sama ya tsare shi a rumfar wani filin wasa. A nan ya fara ganin besbol. Ga wanda bai san shi ba, wasa ne da wani ke jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya dake ta da kulki, sauran su ruga su cafe ta da wata ƙatuwar safar hannu. Sabo bai fahimci komai a wasan ba. Safar hannun ce ta ja shi. Ya ɗauki guda da aka yasar a kan benci, ya shinshina, ya murza. Da ya dawo ɗaki bakinsa har rawa yake: "Habu, ƙirgi ne! Wallahi fatar sa ce ta gaske, a garin robar nan!" Igiyar fatar da ke ɗaure yatsun safar ta tsinke, ya yi wa mai ita magana da hannu, aka ba shi. Sai a ranar na san ashe basillarsa da askarsa suna ƙasan akwatinsa tun daga Kano.

Mai safar sunansa Wu, shi ne ke tsugunawa bayan mai kulki yana cafe ƙwallon da aka jefo. Ƙungiyarsu ta ƙwararru ce, wasan ne aikinsu, kuma lokacin ana shirin gasar Olamfik ta 2008 da za a yi a China, ana ji da su. Sai dai kowa ya riga ya san daga wannan gasar an cire besbol daga Olamfik. Ana gama bikin kuwa sai abubuwa suka fara zubewa. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan wasa ya koma tuƙin tasi, wani ya koma gadi. Sababbin kayan wasa suka daina zuwa, in ka tambaya a ce maka "meyo", wato babu. Nan Sabo ya zama musu dole. Duk Asabar yana can ƙarƙashin rumfa da kaftaninsa da hularsa, safar hannu jibge a gabansa, suna kiransa "shifu", gwanin sana'a. Ni kuwa ina yi masa tsiya: mutum ya tsallako duniya don ya zama badukun masu wasa da kulki. Ko sau ɗaya ban taka filin ba.

Abin ya ɓaci ne gab da wata babbar salla. Akwai lodi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, Sabo ne zai tsaya a kai, sai aka canja lokaci aka dawo da shi Asabar. Ya ce zai leƙa fili ya dawo, don washegari suna da wasa kuma safar Wu ta yage. Kafin ya iso an rufe kwantena, katan-katan ɗin mutanenmu na Kano suna ƙasa. Kayan salla suka isa gida bayan salla. Na sha zagi a waya har kunnena ya yi zafi, kuma da wannan zafin na kira Baba.

Na ce masa Sabo ya saki kasuwa, ya koma bin 'yan wasan ƙwallo. Ban yi ƙarya ba, amma ban ce ɗinkin fata yake yi musu ba, kuma da gangan na ƙi faɗa. Na san da na ambaci basilla Baba dariya zai yi, ya yafe masa nan take. Na gaji da ganin komai Sabo ya yi a yafe masa saboda hannunsa, ni da nake kwana a kan kaya ba mai yaba mini. Hassada ce, ba ni da wani sunan da zan ba ta. Baba ya ce, "Ka gaya masa kada ya sake kirana sai ya dawo hayyacinsa." Sabo ya yi ta kira ba a ɗauka. Bai taɓa tambayata abin da na faɗa ba. Bayan wata biyar ya yanke jiki ya faɗi a Huangpu yana tsaye kan lodi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ƙungiyar ta ci gaba da gangarawa bayansa. Har aka yi shekarun da ba a buga gasar besbol ta ƙasar ba gaba ɗaya. Ina wucewa ta wajen filin a bas in ga ciyawa ta kai gwiwa, in kawar da kai. Daga baya na fara jin labari ya sauya. Wu bai tafi ba. Ya zama mai koyarwa, ya yi ta zagaya makarantu yana tattaro matasa, har wani kamfani ya karɓi ƙungiyar, aka gyara filin, aka kafa fitilu da ƙaton allo. Nakan tambayi kaina me Sabo zai ce da ya ga wannan. Na san zai yi murna, don ya ƙaunace su. Na kuma san zai yi mita, don yanzu safa na yagewa sai a danna waya a kawo sabuwa, a jefa tsohuwar a kwandon shara. Ina jin da zai bi kwandunan yana tsamo su, yana faɗa da Hausa, ba mai jin sa.

A bana ne na kasa daurewa, na sauka daga bas ɗin na shiga. Wu ya yi furfura, ya yi tumbi. Da na ce ni ƙanen shifu ne sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Da guntun Sinancina da guntun Turancinsa muka yi hira. Na roƙe shi ya nuna mini ko da safa ɗaya ce da Sabo ya ɗinka. Ya girgiza kai: an zubar da su duka lokacin da aka rushe tsohon sito.

Sai ya fashe da dariya, ya ce ko na san labarin man shanu? Ban sani ba. Ashe a watannin ƙarshe Sabo ya ga fatun sun bushe sun yi tauri, sai ya yi musu abin da ake yi a gida, ya samo man shanu ya shafe su tas. A Kano iska a bushe take, fata ta sha mai ta yi laushi. Nan kuwa akwai watannin da bango ma zufa yake yi don laima. Cikin 'yan kwanaki safar ƙungiyar duka ta yi funfuna, ga wari, har 'yan wasa suna toshe hanci a fili. Sabo ya yi kwanaki yana kankarewa, kunya ta ishe shi.

Wu ya daina dariyar. Ya ce, "Ya gaya mini babanku ya san maganin. Na ce to ka kira shi mana. Sai ya nuna mini wayarsa ya ce, meyo."

A makon na yanki tikitin Kano. Na tarar da Baba a soro kan buzunsa, idanunsa sun yi rauni, ya daina ɗinki. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da dalilina, ban rage ba. Ina jira ya zage ni, da ya zage ni ma da na ji sauƙi. Ya saurara har na zo kan man shanun, sai ya yi tsaki.

"Man shanu a ƙasar laima? Ai ruwan lemun tsami zai goga, ya shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Mai kuwa ɗan kaɗan a kan yatsa. Me ya hana shi tambaya..."

Bai ƙarasa ba. Ya daɗe yana murza gefen buzun da yatsunsa, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

Idan na lissafa abin da ya saura na Sabo, ba shi da yawa. Ba sunansa a sabon filin, matasan da ke wasa a can ba su taɓa jin labarinsa ba, aikin hannunsa ya tafi juji. Akwai dai Wu, Basine mai furfura, da ya ce ya kai ƙungiyar ƙarshen waccan kakar wasan ne da safar da baƙo ya ɗinka masa. Akwai kuma tsoho a Kano da sai yanzu ya san ɗansa ya koma ga basilla kafin ya rasu.

Da zan tashi Baba ya kamo gefen rigata. Ya ce, "Habu, ɗinkin nasa, ya yi kyau?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Ban taɓa zuwa na duba ba."

Ya saki rigar, ya share idonsa da bayan hannu.

"Ya yi kyau," in ji shi. "Ni na koya masa."