Girkin Alhamis a Gidan Koci Womack

Duk wanda ya san Harlan Womack a garin Tallow Creek, da usur a wuya ya san shi. Shekarunsa sittin da ɗaya, talatin da huɗu daga ciki ya ƙarar da su wajen koya wa ƙartin layin gaba na ƙwallon Amurka yadda za su durƙusa su tare mutum. Ba shi ne babban kocin kwalejin ba, bai kuma taɓa zama babba a ko'ina ba. Nasa su ne samarin nan goma sha biyar masu wuya kamar turmi, waɗanda ba a jin sunansu a lasifika sai sun yi laifi. Aikinsu su tsaya a buge su don wani ya ruga da ƙwallo a tafa masa. Gwiwar Harlan ta hagu ta ƙarfe ce, muryarsa kuwa ta dishe tun yana ɗan arba'in, ba ta sake dawowa ba.

Gari tara suka zauna shi da matarsa Verlene kafin su iso Tallow Creek a jihar Mississippi. Ƙa'idar aikin kowa ya san ta: in aka ɗauki koci yau, gobe da safe yana cikin jirgi da jaka ɗaya. Matar ce ke tsayawa ta sayar da gida, ta ɗaure kaya, ta jira yara su ƙare zangon makaranta, sannan ta biyo baya bayan wata biyar ko shida. Sau tara Verlene ta yi wannan. Ba ta taɓa zubar da kwalayen ba, ninke su take yi ta jingine a gareji. A Tallow Creek ne kaɗai suka kai shekara goma sha ɗaya, har ɓeraye suka fara cin gefen kwalayen.

Duk Alhamis da ƙarfe biyar ƙartin kan cika gidan. Kaji goma sha biyu take soyawa, da tukunyar ganye, da wake, da burodin masara a kaskon ƙarfe. Mama Verlene suke kiranta, ita kuma ta ce musu yarana, ko da wanda take faɗa wa ya ninka ta uku. Harlan kan iso ana wanke kwanuka, ya ce bidiyon wasa ne ya riƙe shi.

Shekara biyu ke nan da abin ya fara. Da farko mabuɗin mota ne a cikin firij, suka yi dariya. Sai wata rana ta kira shi daga bakin kantin da ta shekara tara tana sayayya, tana dariya tana tambayarsa ta ina ake komawa gida. Likita a birnin Jackson ya faɗi sunan ciwon, ya ce mantuwar za ta riƙa ƙaruwa ne. A hanyar dawowa magana ɗaya ta yi: "Kada ka gaya wa yarana." Ya riƙe mata wannan. Tun daga ranar kuma bidiyon da yake kallo a ofis ya ƙaru, ko da ba wasan da ke gabansu.

Ranar wata Litinin a watan Disamba, bayan an rufe kakar wasa, wayarsa ta yi ƙara. Clifton Boudreaux ne, abokin ɗakinsa tun suna ɗalibai, wanda aka ba ragamar wata ƙungiyar ƙwararru a wani babban birni na arewa.

"Tsoho, kana da rai? Na ji an ce har yanzu kana can kana kiwon shanu."

"Shanuna sun fi naka tarbiyya. Me kake so, Clif?"

"Kai nake so. Layina kamar ƙofar kasuwa, kowa shiga yake. Ka zo ka gyara mini. Akwai ɗaki a otal kusa da fili har watan Yuni, kafin Verlene ta haɗa kaya. Amsa ranar Juma'a, don akwai yara uku masu gashi a kai da ke jiran kujerar."

Shekara talatin da huɗu Harlan yana jiran irin wannan kira. Amma ba da aka ce ƙwararru ne ƙirjinsa ya yi sanyi ba. Da aka ce ɗaki a otal har Yuni ne. Ya ji kamar an sauke masa buhu daga kafaɗa, bai kuwa tsaya duba abin da ke cikin buhun ba. Kafin ya kai mota ya riga ya tanadi dalili mai kyau: a arewa akwai manyan asibitoci. Ya maimaita wa kansa har ya ji ya zauna masa a baki.

Ranar Talata ya gaya wa Verlene. Ta dube shi ɗan lokaci, ta ce, "Clifton? Wanda ya karya mini kujera ranar bikinmu?" Shi ke nan abin da ta ce.

Laraba da rana ya dawo ɗaukar wata takarda, ya tarar falo ya cika da kwalaye. Ta buɗe su, ta liƙe gindinsu, ta rubuta a jikin kowane da rubutunta mai kyau: kwanukan baƙi, hotuna, tawul. Ba kuskure ko ɗaya. Matar da jiya ta nemi tabarau alhali yana fuskarta, ga ta tana naɗe kofuna a jarida da saurin da ya san ta da shi tun suna matasa.

"Asabar za ka tafi ko Lahadi?" ta tambaya ba ta ɗago ba. "Na goge maka riguna bakwai."

Ya ce bai yanke ba tukuna. Ya ɗauki takardarsa ya fita da sauri.

Koci mai mutunci ba ya bari yaransa su ji labarin tafiyarsa a waya, da bakinsa yake faɗa musu. Saboda haka ranar Alhamis Harlan ya yi abin da rabonsa da shi an daɗe: ya iso gida ƙarfe huɗu da rabi. Ya shigo ta ƙofar baya ya tsaya a bakin kicin, ba wanda ya lura da shi.

Tavarius Moss, kyaftin ɗin layin, yana tsaye bayan Verlene, ya cika rabin kicin. Ta sauke tukunya ta juya, ya miƙa hannu a hankali ya kashe wutar da ta bari. Ta ɗauko gwangwanin gishiri za ta zuba a ƙullun kek ɗin dankalin Hausa, wani yaro mai suna Kendrick ya ce, "Kawo in riƙe miki, Mama, hannunki da mai," ya karɓa ya miƙa mata na sukari.

"Dewey," ta ce wa Tavarius, "ɗauko mini babban faranti."

"To, Mama."

Dewey yaro ne da Harlan ya koyar a Kansas shekara ashirin da biyar da suka wuce. Yanzu yana da jikoki.

Harlan ya yi gyaran murya, ya yafito Tavarius suka fita baranda.

"Tun yaushe take kiranka Dewey?"

"Tun bara, Koci. Wata rana ni ne Dewey, wata rana Kendrick ne Dewey. Ni na fi dacewa, ta ce Dewey kyakkyawa ne."

"Ba wasa nake ba, Moss."

Yaron ya gyara tsayuwa. Ya ce sun raba kwanaki a tsakaninsu. Mutum biyu kan zo tun ƙarfe uku, su ce sun zo ɗaukar tukwane. Ranar Laraba in za ta kanti, wani kan bi ta a baya da mota, nesa-nesa, har ta shiga gida. Sabbin da suka zo bana an yi musu bayani tun makon farko: duk sunan da ta kira ka, ka amsa.

"Wa ya gaya muku?"

"Ba wanda ya gaya mana. Kakata ta yi irinsa, na san kamanninsa. Ban da haka, Koci, mun ci kek mai gishiri sau biyu." Ya sosa ƙeya. "Mun cinye kuwa. Kendrick har ƙari ya yi, amma shi ko taya ka soya masa zai ci."

"Me ya hana ku zo ku same ni?"

Tavarius ya dubi takalminsa, takalmin da ya kusa kai girman kwale-kwale. "Mun ɗauka ka sani, yallaɓai. Mun ɗauka shi ya sa ba ka zuwa. Kakana ma haka ya yi, kullum yana gona. Ba kowa ke iya kallo ba."

Ba da zargi ya faɗa ba. Da tausayi ya faɗa, abin da ya fi zargin zafi ke nan. Harlan ya juya ya koma ciki.

Aka zauna cin abinci a tsakanin kwalaye. Verlene ta ce musu gyaran gida take yi, suka yi kamar sun yarda. Sau biyu Harlan ya ajiye cokali zai yi magana, sau biyu ya sake ɗauka. Ya zauna yana kallon matarsa tana zagaya teburi tana ɗure su, tana zagin wanda ya bar ganye a faranti, suna ihu suna cewa cikinsu zai fashe. Sau ɗaya ta tsaya a tsakiyar ɗaki da cokali a hannu, fuskarta ta zama kamar ta wadda ta sauka a tashar da ba tata ba. Harlan ya ji ƙafarsa tana son miƙewa ta kai shi mota. Kendrick ya ce, "Mama, wake za ki ƙara mini," ta ce, "Ai na sani, acici," ta wuce.

Da suka tafi dare ya riga ya yi. Ta zauna a kan kwalin da ta rubuta wa hotuna, ta cire takalmi.

"Ba ka gaya musu ba."

"Ban samu dama ba."

"Koci," ta ce. In za ta yi masa shaƙiyanci ne take kiransa haka. "Sau tara ka tafi ka bar ni da kwalaye, ban taɓa jin haushi ba, don na san aiki kake bi. Wannan karon ba aiki kake bi ba."

"Verlene, asibitocin can..."

"Kai dai bari. Likitan Jackson ya ce babu magani, kudu ko arewa. Ina zaune ya faɗa, kuma wannan ban manta ba tukuna." Ta murza tafin ƙafarta. "Ba na ganin laifinka. Ni ma da zan iya tafiya in bar matar nan mai mantuwa wata shida, da na tafi. Ta ishe ni. In za ka je ka je, kayana na iya ɗaurewa, ka gani. Sai dai ban yi maka alkawarin wadda za ta sauko daga jirgi a watan Yuni za ta san wanda ya zo tarbarta ba. Ni da kake gani, yanzu nake nan."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, gwiwar ƙarfen ta miƙe gaba.

"Tsoro nake ji," ya ce.

"Ƙato da kai."

"Ƙato da ni."

Ta ɗora hannu a kan sanƙonsa ta bar shi a nan.

Juma'a da safe ya kira Clifton daga baranda. Maganar ba ta kai minti uku ba. Ya dawo ciki ya zauna a teburin kicin, bai tafi ofis ba, ko da yake ƙarfe tara ta wuce. Verlene tana tsaye tana neman wani abu a durowa, ba ta ce ko mene ne ba.

"Me Clifton ya ce?"

"Na gaya masa ba zan zo ba. Ya ce dama tausayina ya ji, tsohon da ko matakala ba ya iya hawa. Na ce ya fara biyan kujerar da ya karya."

Ta yi dariya har ta dafa teburi. Ta zuba masa kofi, ta ce ya ɗauke ƙafarsa daga hanya, gida ba filin wasa ba ne. Ta koma durowar. Bayan ɗan lokaci ta juyo.

"Ka kira Clifton kuwa? Me ya ce?"

Ya ji abin ya taso masa daga ciki, wannan ƙaiƙayin da kan kai shi mota. Ya riƙe kofin da hannu biyu. Ya sake faɗa mata, tun daga farko, har da matakalar, har da kujerar. Ta sake yin dariyar, sabuwa fil, har da hawaye.

Ta fita ta dubo wasiƙu a akwatin bakin titi. Ya tsaya a taga yana kallonta har ta juyo ta kamo hanyar ƙofa. Ta shigo tana kaɗa ambulan biyu, ta tsaya ta dubi kwalayen da ke falo, ta dube shi.

"Yau ba Juma'a ba ce? Me Clifton ya ce?"

Harlan ya jawo mata kujera.

"Zauna ki ji," ya ce. "Ba za ki yarda da abin da mutumin nan ya ce mini ba."